Daga Zangon Fatake Zuwa Zangon Rediyo: Tarihin Kiran Agaji a Ruwan Volta

Kalmar zango tana da gida biyu a Hausar yau. Na farko shi ne wurin da ayari ke sauka ya kwana, kuma daga nan ne unguwannin baƙi Musulmi na ƙasar Ghana suka sami sunansu, tun daga Kumasi har Bawku. Na biyu kuwa a bakin masu gabatar da shirye-shiryen rediyo ake jin sa, idan suka ce ana kama su a kan mita kaza a gajeren zango. Tsakanin waɗannan ma'anoni biyu akwai tarihi mai tsawo na yadda labari ke tafiya daga mai shi zuwa ga wanda yake buƙatarsa. A arewacin Ghana wannan tarihi ya bi ta kan ruwa, domin kogin Volta da rassansa su ne suka raba ƙasar, su ne kuma suka haɗa ta.

A ƙarni na 19 Salaga ita ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Fatake na tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ko ta Gurma, su biyo ta Sansanne Mango da Yendi kafin su sauke kaya a Salaga. Tafiyar kan ci watanni. Madugu ne shugaban ayari, jagaba kuma shi ke wucewa gaba ya duba hanya, ya nemo zango, ya ji ko akwai 'yan fashi ko yaƙi a gaba. Labari a wancan zamani ba ya wuce saurin doki ko ƙafar manzo. A bakin kogi kuwa ayari ba shi da iko, sai abin da masu fito suka ce. Su ne suka san inda ruwa ke da zurfi da inda dorina ke kwana, kuma idan kwale-kwale ya kife, iyakar agajinsa ita ce iyakar inda ihu ya kai. Ta wannan kogi ne gishirin Ada ke hawowa daga bakin teku cikin jirage zuwa Kete Krachi da Yeji, daga nan a ɗora wa mutane da jakuna zuwa arewa. Jirgi a Hausar wancan lokaci yana nufin na ruwa kawai. Sai da Turawa suka zo da nasu aka ƙirƙiro jirgin ƙasa da jirgin sama, har ya zama dole a riƙa cewa jirgin ruwa don a bambanta.

Yaƙin basasar da aka yi a Salaga a shekarar 1892 ya watsa kasuwar. 'Yan kasuwa da malamai da yawa suka koma Kete Krachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya rayu a can har rasuwarsa a 1934. Turawa kuma suna ta ja-in-ja a kan yankin. A 1888 Ingila da Jamus suka amince a bar shi a matsayin ƙasar da ba ta kowa ba, a 1896 Jamusawa suka ci Dagomba da yaƙi a Adibo kusa da Yendi, a 1899 kuma aka raba: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa Togo ta Jamus.

Wannan rabo shi ya sa mutanen yankin suka tsinci kansu cikin ɗaya daga cikin manyan al'amuran farko na tarihin wayar iska. Jamusawa sun san cewa yawancin wayoyin tangarahon da ke ƙarƙashin teku suna hannun Ingila, kuma ranar da yaƙi ya tashi za a yanke nasu. Saboda haka kamfanin Telefunken ya gina musu wata katafariyar tasha a Kamina, kusa da Atakpame a tsakiyar Togo. An fara aikin a 1911, aka gama shi gab da yaƙi a 1914. Tashar na magana kai tsaye da Nauen kusa da Berlin, nisan sama da kilomita 5,000, tana kuma miƙa saƙo ga sauran ƙasashen da Jamus ke mulka a Afirka da jiragenta da ke cikin tekun Atlantika. Abin da suka ji tsoro kuwa ya faru, domin a ranakun farko na watan Agusta 1914 Ingila ta yanke wayoyinsu na ƙarƙashin teku. Kamina ta zama bakin Jamus da kunnenta a wannan sashe na duniya, kuma cikin makonni uku ta miƙa saƙonni sama da 200, da yawansu gargaɗi ne ga jiragen kasuwanci su gudu su fake a tashoshin ƙasashen da ba sa cikin yaƙin.

Rundunar da Ingila ta tura ta kama tashar ita ce ta Gold Coast, wadda asalinta daga sojojin da ake kira Hausawa ne, kuma Hausa ce harshen bariki a cikinta ko da yake yawancin sojojin 'yan arewacin ƙasar ne masu harsuna dabam-dabam. A cikinsu akwai Alhaji Grunshi, wanda tarihin sojan Ingila ya rubuta a matsayin sojanta na farko da ya harba bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Al'adar bariki ce a lokacin a rubuta wa soja sunan ƙabilarsa a madadin sunan uba, kuma Gurunsi suna ne da ake kiran jama'o'in da suka haɗa da Kasena na Navrongo da maƙwabtansu. Da Jamusawa suka ga sojojin Ingila da na Faransa sun matso, sai suka rushe tashar da hannunsu a daren 24 ga Agusta, suka miƙa wuya ranar 26. Yendi ta koma hannun Ingila a cikin wannan wata. Abin lura a nan shi ne, yaƙin farko da sojojin wannan ƙasa suka yi a babban yaƙin duniya, a kan rediyon da ke magana da jiragen ruwa aka yi shi.

Kafin wannan lokaci da shekara biyu wani abu ya faru a can arewacin Atlantika wanda ya sauya dokar rediyon jirgi baki ɗaya. Tun 1906 ƙasashe suka amince a taron Berlin cewa SOS ce alamar neman agaji, ta fara aiki a 1908. Amma dokar ba ta ce dole a zauna ana saurare dare da rana ba. A daren 14 ga Afrilu 1912 jirgin Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara. Jirgin da ya fi kusa da shi, Californian, yana da rediyo, sai dai ma'aikacinsa guda ɗaya ne, ya yini yana aiki, ya kashe na'ura ya kwanta 'yan mintoci kafin karon. Wanda ya ji kiran shi ne Harold Cottam na jirgin Carpathia, da ke nesa da kusan mil 58, shi ma yana shirin kwanciya. Carpathia ya iso bayan Titanic ya nutse, ya tsamo mutane kimanin 700. Sama da 1,500 suka halaka. Na'ura ba ta gaza ba a wannan dare. Abin da ya gaza shi ne tsari: babu wanda aka ɗora wa alhakin zama da kunne a buɗe.

Daga nan ne gyara ya biyo baya. Amurka ta yi dokar rediyo a 1912 wadda ta wajabta lasisi ga tasha da ma'aikacinta. A 1914 aka sa hannu a Landan kan yarjejeniyar farko ta kare rayuka a teku, wadda ake kira SOLAS, ko da yake yaƙi ya hana ta aiki yadda aka so, sai da aka sabunta ta a 1929. Aka keɓe zangon kilohaz 500 don kira da neman agaji, aka kuma sa doka cewa sau biyu a kowace awa, a minti na 15 da na 45, kowa ya yi shiru na minti uku don a ji ko akwai wata raunanniyar murya mai neman taimako. Agogon ɗakin rediyo na jirage har jan fenti ake yi masa a waɗannan wurare. Da magana da baki ta fara maye gurbin ƙwanƙwasa waya, sai aka buƙaci kalmar da kowa zai gane. Wani jami'in rediyo na filin jirgin sama na Croydon, Frederick Mockford, ya kawo Mayday a farkon shekarun 1920, daga lafazin Faransanci mai ma'anar a taimake ni, aka kuma karɓe ta a taron Washington na 1927.

Takardar shaidar ma'aikacin rediyo daga wannan tushe ta fito. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wadda aka kafa tun 1865, ita ke tsara dokokin, kowace ƙasa kuma ta ba da takardar ga 'yan ƙasarta. Tun daga 1 ga Fabrairu 1999, lokacin da sabon tsarin agaji na duniya mai suna GMDSS ya kankama gaba ɗaya, jami'an manyan jirage ke riƙe babbar takarda ko matsakaiciya gwargwadon nisan da jirginsu ke shiga teku. Masu ƙananan jirage na shaƙatawa da na kamun kifi kuwa an yi musu tasu mai sauƙi, ta gajeren nisa. A Ingila, alal misali, karatun bai fi na yini guda ba, sannan a yi jarrabawa a rubuce da kuma a gaban na'ura.

Abin da ake koyarwa ba shi da yawa, amma kowane ɗaya akwai ran da ya taɓa salwanta saboda rashinsa. Ɗalibi zai san cewa tasha ta 16, wato megahaz 156.8, ita ce dandalin kowa: a nan ake kira, a nan ake neman agaji, kuma da zarar an amsa sai a koma wata tashar a yi sauran magana don a bar hanya. Zai san cewa na'urar ba ta ɗaukar murya biyu a lokaci guda. Muddin yatsansa na kan maɓalli ba ya jin kowa, shi ya sa dole ya faɗi kalmar da ke nuna ya gama kafin ya saki. Daga wannan kalma ta Ingilishi, wadda Hausawa suka riƙa ji a bakin sojoji da 'yan sanda, aka sami sunan oba-oba da ake kiran ƙaramin rediyon hannu da shi har gobe. Zai haddace sunayen haruffa, Alfa, Bravo, Charlie har zuwa Zulu, don kada a rikita harafi da ɗan'uwansa cikin ƙarar iska da inji. Sai kuma matakan kira guda uku. Mayday na wanda rai ko jirgi ke cikin haɗari na nan take ne. Pan-pan na matsala ce mai gaggawa da ba ta kai can ba, kamar inji ya mutu ana shawagi. Sécurité kuma gargaɗi ne ga kowa, na hadari ko na wani abu da ke yawo a ruwa. Mai kiran Mayday zai faɗe ta sau uku, ya faɗi sunan jirgi sau uku, sannan inda yake, abin da ya same shi, irin taimakon da yake so, da yawan mutanen da ke ciki. An jera su haka ne da gangan, domin idan na'ura ta mutu a tsakiyar magana, a ce an riga an ji wane ne kuma ina yake. Kiran ƙarya laifi ne da doka ke hukuntawa, haka ma yaɗa sirrin da mutum ya tsinta a iska ba da shi ake ba.

Na'urorin zamani suna da wani jan maɓalli a ƙarƙashin murfi. Idan aka danne shi na 'yan daƙiƙoƙi, sai ya aika saƙo ta tasha ta 70 ɗauke da lambar jirgin mai alƙaluma tara, tare da inda yake idan an haɗa shi da na'urar tauraron ɗan'adam. Alƙaluma ukun farko na ƙasa ne: 627 na Ghana, 657 na Nijeriya. Haka ma sunan kira, na Ghana yana farawa da 9G, na Nijeriya da 5N, na Nijar da 5U.

Duk wannan tsari don teku aka yi shi, kuma arewacin Ghana ba ta da teku. Amma a shekarun 1960 sai teku ta zo mata har gida. An fara gina madatsar Akosombo a 1961, aka gama a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairu 1966. Ruwan da ya taru ya rufe kimanin murabba'in kilomita 8,500, ya zama ɗaya daga cikin manyan tafkunan da ɗan'adam ya yi a duniya. Aka tashi mutane kusan 80,000 daga garuruwa da ƙauyuka sama da 700, aka zaunar da su a sababbin matsugunai 52. Tsohuwar Kete Krachi, inda Alhaji Umaru ya karantar, ta shiga ƙarƙashin ruwa, haka ma tsohuwar Yeji. Babbar hanyar Kumasi zuwa Tamale, wadda ke bi ta Yeji da Salaga, ta yanke. Abin da a da ƙetare kogi ne ya zama doguwar tafiya a jirgin fito tsakanin Yeji da Makango. Motoci suka koma hanyar Kintampo da Buipe. Salaga, wadda yaƙin 1892 ya raunana, ruwa ya ƙara mayar da ita gefe.

Ba a sare dazuzzukan da ruwan ya cinye ba. Itatuwan suna nan tsaye a ƙasa, kuma idan ruwa ya ja baya da rani kututtukansu kan matso kusa da sama, inda ido ba ya gani amma cikin jirgi na samu. Ga kuma iska mai tasowa farat ɗaya a farkon damina da ƙarshenta. Manyan jiragen kamfanin sufurin tafkin, wanda aka kafa a 1970, suna ɗaukar mai da siminti daga Akosombo zuwa Buipe, tafiyar kimanin kilomita 400, jirgin Yapei Queen kuma ya daɗe yana jigilar fasinja da doya tsakanin Akosombo da Yeji. Amma yawancin jama'a a dogayen jiragen katako masu inji a baya suke tafiya, ranar kasuwa a cika su da mutane da buhuna da dabbobi. An sha yin asarar rayuka. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne na watan Afrilu 2006, lokacin da jirgi ɗauke da mutanen da aka tasa daga gandun dajin Digya ya kife a tafkin.

Ghana ba ta rasa hukumomi ba. Kwalejin koyon aikin jirgin ruwa da aka kafa a 1958 ta zama ta yanki a 1983, ta kuma zama jami'a a 2007. Tana Nungua kusa da Accra, Ghana da Kamaru da Gambiya da Laberiya da Saliyo suka haɗu a kanta, kuma a nan jami'an jirage ke koyon aikin rediyo. Hukumar sadarwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1996, ita ke raba zango da ba da lasisin na'ura. Hukumar kula da harkokin jiragen ruwa, ta dokar 2002, ikonta ya haɗa da ruwayen cikin ƙasa. Masu jiragen shaƙatawa na bakin Ada da masu kai baƙi tsibirin Dodi daga Akosombo suna kusa da waɗannan ofisoshi, suna kuma jin Ingilishin da ake jarrabawar da shi. Matuƙin jirgin katako na Makango yana da nisan yini guda a mota daga Nungua, harshen aikinsa kuma Ewe ne ko Gonja ko Twi ko Hausa. Shi ne ya fi ɗaukar rayuka, shi ne kuma ya fi nisa da takardar.

Abin da ya cike wannan giɓi a zahiri shi ne wayar salula. Ta yi amfani ƙwarai, kuma babu mai musun haka. Sai dai aikinta dabam ne. Waya mutum ɗaya take kira, wanda kake da lambarsa, idan akwai sabis a tsakiyar ruwa. Rediyo kuwa duk wanda ke kusa ya buɗe tasha ta 16 zai ji, har baƙon jirgin da bai taɓa sanin mai kiran ba, wanda sau da yawa shi ne mafi kusa. Shi ma rediyon yana da iyakarsa, domin irin wannan zango a miƙe yake tafiya kamar gani da ido. Tsakanin kwale-kwale biyu masu na'urar hannu da wuya ya wuce kilomita 10. Idan kuwa an kafa eriya a kan hasumiya mai tsawon mita 100, zai haura kilomita 40. Ke nan a tafki irin Volta amfaninsa ya rataya ne a kan dogayen eriya a bakin ruwa da mutumin da aka biya ya zauna yana saurare, wato dai matsalar da aka gano a daren Californian.

Can sama kuma, a ƙasar Navrongo da Bawku, ruwan ba shi da faɗin da zai buƙaci irin wannan na'ura. Madatsar Tono da ke kusa da Navrongo, wadda aka fara a 1975 aka kammala a 1985, ta noman rani ce, masunta na shiga da ƙananan kwale-kwale, kuma daga tsakiyarta ana hango gaɓa. Haɗarin wannan yanki daga arewa yake gangarowa. Madatsar Bagre ta Burkina Faso tana kan Farin Volta, kuma a shekarun da ruwa ya yi yawa, wajen watan Agusta ko Satumba, dole a buɗe ƙofofinta. Ruwan kan shigo ta yankin Bawku, ya bi ta Pwalugu ya nufi Daboya da Yapei, ya cinye gonakin fadama. A ambaliyar 2007 arewacin Ghana ta ga ɓarna mai yawa. A nan saƙon agaji juyawa yake yi: maimakon ya tashi daga jirgi zuwa tudu, daga tudu yake tashi zuwa bakin ruwa. Hukumar madatsar na sanar da Ghana ranar da za ta buɗe, hukumar agajin gaggawa ta NADMO ta miƙa wa gundumomi, gidajen rediyon FM na yankin kuma su yi ta maimaitawa cikin harsunan jama'a, manoma su kwashe abin da ya nuna, masu fito su ɗaure jiragensu.

Rediyon watsa labarai ya shigo ƙasar ne ranar 31 ga Yuli 1935, lokacin da Gwamna Arnold Hodson ya buɗe tashar ZOY a Accra, kuma Hausa na cikin harsunan gida shida da gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana amfani da su, tare da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani. Saboda haka Hausar Ghana tana da kalmomin sanarwa da na hasashen yanayi da na gargaɗin ambaliya tun da daɗewa. Kalmomin kiran agaji na jirgi ne ba a fassara ba, kuma dokar duniya ba ta yarda a fassara su ba: matuƙi daga Yeji da matuƙi daga Tema, ko da ba su da harshe ɗaya, Mayday ɗaya za su faɗa, sau uku, a tasha ta 16.